Mita 3 ko mita 10? Yadda ake rataye rubutu a iska a gaban direba

Cikin motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema a 'yan shekarun nan, akwai waɗanda in ka zauna a kujerar direba ka tayar, sai ka ga lambobi sun bayyana a gabanka, suna shawagi a saman bonet kamar an rataye su da zaren da ba a gani. Gudun motar ne suke nunawa, wani lokaci har da kibiyar da ke gaya maka inda za ka sha kwana. Masu ƙera motoci na kiran na'urar HUD, ma'ana allon da direba zai karanta ba sai ya sunkuyar da kai ba. Wasunmu sun ɗauka ado ne kawai, irin fitilun da samari ke liƙa wa babur. Wasu kuma sun ɗauka a jikin gilashin rubutun yake. Duka maganganun biyu da gyara. Wanda kuwa bai san yadda abin ke aiki ba, ranar da dutse ya fasa masa gilashin gaba yana iya fitar da kuɗinsa ya sayo wa idonsa wahala.

Ni dai kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare, tuƙi ba sana'ata ba ce. Abin da ya ja hankalina shi ne, wannan fasaha da ake zuba wa dukiya a Jamus da Japan da Koriya ta Kudu, tushenta darasin madubi ne, wanda yara ke fara hamma da zarar na rubuta sunansa a allo. Tambayar da injiniyoyin ke fama da ita guda ce: rubutun nan da direba ke gani, a wane nisa ya kamata ya tsaya? Da can amsa ɗaya ake bayarwa, mita biyu da 'yan kai. Yanzu an gane amsa ɗaya ba ta isa. Ana son hoto ya tsaya a nisa biyu ko fiye a lokaci guda, kuma daga nan aikin ya yi tsauri.

Wanda ya taɓa bin bas ɗin dare daga Accra zuwa Tamale ya riga ya ga asalin abin. Ka kunna waya, ka waiga wajen taga, za ka ga wata wayar tana haske a waje cikin duhu, tana bin motar. Gilashi na barin yawancin haske ya wuce, amma yana mayar da kaɗan baya kamar madubi. To ka lura da kyau: wayar ta waje ba a jikin gilashin take ba. In tsakanin wayarka da taga taƙi biyu ne, ita ma ta waje taƙi biyu take daga taga, ta wancan ɓangaren. Ido na bin haske ne a miƙe zuwa inda yake zaton ya fito, can kuma yake ajiye hoton. Haka HUD take. Akwai ɗan ƙaramin allo mai tsananin haske ɓoye a cikin dashbod, haskensa na bi ta kan madubai ya haura ya bugi gilashin gaba, gilashin ya turo wani kaso, kamar ɗaya cikin biyar, zuwa idon direba.

Taura biyu

Me ya sa nisan ya zama abin damuwa? Miƙa yatsanka gaban fuskarka ka kalle shi. Bangon da ke bayansa zai yi hazo. Yanzu kalli bangon: yatsan ne zai yi hazo, kuma ya zama biyu. Abu biyu ne suka faru. A cikin ido akwai wani ɗan gilashi na halitta, shi ne wanda yana ke rufewa idan shekaru suka ja, yana kumbura in za a kalli na kusa, ya baje in za a kalli na nesa. Sannan idanun biyu, da ke da tazarar kusan santimita shida tsakaninsu, suna karkatowa ciki su haɗu a kan abin da ake kallo. Ba za su haɗu a wuri biyu lokaci guda ba, taura biyu ba ta taunuwa.

Masu gwada ido na auna wannan ƙoƙari da diyofta, lambar nan da ake rubuta maka a takardar tabarau. Lissafin ba wuya, ka raba ɗaya da nisan abin a mita. Agogon gudu da ke bayan sitiyari yana kamar santimita 70 daga ido, wato diyofta 1.4. Titi can gaba kusan sifili ne. Duk lokacin da direba ya leƙa agogo, sai idonsa ya yi wannan tafiya ya dawo, motar kuwa ba ta jira. A gudun kilomita 100 a awa, mota na cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ga matashi, sauyin na da sauri. Amma da mutum ya haura shekara 40, ka fara ganin yana miƙa hannu nesa da waya kafin ya karanta saƙo, gilashin nan na ciki ya fara tauri ke nan. Yawancin direbobinmu na dogon zango ai a wannan sahu suke. In aka ajiye lambar a mita biyu da rabi, ƙoƙarin ya sauko zuwa 0.4. In aka kai ta mita 10, ya zama 0.1, ido ba ya ma jin ya yi wani aiki.

Sojoji ne suka fara cin moriyar dabarar. A 1900 wani maƙerin na'urorin hangen taurari a Dublin, Howard Grubb, ya ƙirƙiro madubin saitin bindiga mai nuna alamar saiti kamar tana can nesa tare da abin harbi. Daga nan ta shiga jiragen yaƙi, har ta kai ga jirgin sojan ruwan Birtaniya, Blackburn Buccaneer, wanda ya fara tashi a 1958, shi ake yawan ambata a matsayin na farko da ya yi aiki da cikakkiyar HUD. A mota kuwa sai 1988 kamfanin General Motors na Amurka ya sa ta a Oldsmobile Cutlass Supreme.

Matuƙin jirgi ya huta, domin duk abin da yake kallo a waje nesa yake ƙwarai. A ajiye masa rubutu a can ƙurewar gani, shi ke nan. Direban mota fa? A daƙiƙa guda akwai trotro a mita huɗu, mai tallar ruwa a mita takwas, mahaɗar titi a mita hamsin. Muddin lambar gudu kawai ake nunawa, nisa ɗaya ya wadatar, sai a ajiye ta ƙasa-ƙasa a saman bonet inda ba ta tare komai. Rigimar ta taso ne da aka ce a zana kibiya a kan titin kansa, daidai kwanar da za a shiga, ko a ja layi a ƙarƙashin motar da ke gaba.

Ga lissafin da ke nuna matsalar. A ce kwanar na mita 50, hoton kibiyar kuma yana mita biyu da rabi. Direba ya ɗan karkata kansa gefe da santimita biyar, abin da kowa ke yi ba tare da ya sani ba. Kibiyar za ta zame daga kan kwanar da kusan mita guda. Ko bai motsa ba ma, idon dama da na hagu kowanne a wuri dabam yake ganinta a kan titin, don haka in ya kalli titi kibiya ta rabu biyu, in ya kalli kibiya titi ya rabu biyu. In aka tura hoton zuwa mita 10, zamewar ta ragu zuwa santimita 20, abin da ido zai iya haƙuri da shi.

To a kai komai mita 10 mana? Nan ma da matsala. Ka shiga cunkoson Kejetia ko na Circle da yamma, bayan wata mota na mita uku a gabanka, lambar gudunka kuma tana mita 10. Idanu na cewa lambar na can gaba da motar, amma ga ta an zana ta a kan but ɗin motar. A duniyar da muka saba, abin da ke nesa ba ya rufe na kusa. Ƙwaƙwalwa na ƙin wannan, kuma ƙin nata gajiya ne da ciwon kai. Ido ba mudu ba, ya san kima.

Shi ya sa aka raba. A motar lantarki ta Volkswagen ID.3 da ta fito a 2020, da Audi Q4 e-tron ta 2021, hoton hawa biyu ne. Na ƙasa siriri ne, yana tsaye a kamar mita 3, yana ɗauke da gudu da alamun hanya. Na sama faffaɗa ne, a kamar mita 10, nan kibiyoyi ke yawo. Ita kuwa Mercedes S-Class ta 2020, babban hotonta na mita 10 faɗinsa digiri 10 ne, tsayinsa digiri 5, wanda ya yi daidai da talabijin mai inci 77 a tsaye a tsakiyar titi.

Santimita biyu

Yadda ake samun nisa biyu daga akwati ɗaya shi ne abin da ya fi burge ni, don da alli da allo za a iya nuna shi. Madubin da ya fi muhimmanci a cikin na'urar mai zurfin ciki ne kamar ƙwarya, irin madubin aski da ke ƙara wa fuska girma. In ka fuskantar da shi rana, yana tattara haskenta wuri guda har ya ƙona takarda. Wannan wuri nake kira wa ɗalibaina mahaɗa. Ƙa'idarsa ita ce: in ka ajiye abu tsakanin madubin da mahaɗarsa, za ka ga hotonsa a bayan madubin, a tsaye, ya ƙara girma. Kuma iya kusantar abin da mahaɗa, iya gudun da hoton zai yi zuwa nesa.

Ɗauki madubi mai mahaɗa a santimita 30. Ajiye ɗan allon a santimita 27, hotonsa zai tsaya a mita 2.7 bayan madubin, ya ninka girmansa sau 10. Ja shi baya kaɗan zuwa santimita 29, hoton ya tafi mita 8.7, ya ninka sau 30. Santimita biyu kacal, faɗin babban yatsa, sun tura hoto mita shida. Ka ƙara tazarar da ke tsakanin madubin da idon direba, kamar mita guda, ka ga mun zo kusa da lambobin can na Volkswagen. Na sauƙaƙa lissafin ne, don lanƙwasar gilashin gaba ita ma tana sa hannu, amma gundarin maganar ke nan.

Saboda haka mai zana na'urar ba ya buƙatar komai face ya sa haske biyu su iso madubin ta hanyoyin da tsawonsu ya bambanta. Mai kuɗi da wuri sai ya sa allo biyu. Wanda ke tattali sai ya raba allo ɗaya gida biyu, hasken rabi ya tafi kai tsaye, na ɗaya rabin a bi da shi ta wani ƙarin madubi, ya yi ɗan zagaye kafin ya iso. Wanda ya yi zagayen shi ne zai bayyana a nesa.

Sai dai lissafin nan na da kaifi biyu. A santimita 29, in wani abu ya goce da milimita biyu kawai, hoton ya tashi daga mita 8.7 ya koma kusan 11. Milimita biyu fa, a cikin akwatin roba da ke kwana cikin sanyi ya yini cikin rana, yana shan girgizar titi shekara goma. Wani ɓangare na tsadar na'urar nan yake tafiya, wajen tabbatar da cewa babu abin da ya motsa.

Akwai wata dabara da na fi so don sauƙinta. Maimakon a tsayar da allon cak, sai a kishingiɗar da shi, gefe ɗaya a santimita 27, ɗaya gefen a 29. Hoton da zai fito ba zai tsaya kamar allon talla ba, zai kwanta ne kamar tabarmar da aka shimfiɗa daga mita uku zuwa tara, kowane sashe da nisansa. Kibiyar da aka zana a kai sai ta yi kamar fenti a jikin kwalta. Illarta, rubutu a kan tabarma a kwance ba ya daɗin karantawa, sai kwamfuta ta riga ta murɗe shi yadda zai fito daidai.

Sauran hanyoyin suna hannun masu bincike ko kuma sun fara leƙowa kasuwa. Akwai masu motsa allon gaba da baya, ko su sauya ƙarfin wani gilashi, da saurin da ido ba zai kama ba, a nuna hoton kusa, a nuna na nesa, a maimaita. In hawa uku ake so, sai na'urar ta ninka saurinta sau uku, kowane hoto kuma ya samu sulusin haske, ga shi da ma da hasken rana ake kokawa. Akwai kuma masu amfani da hologiram, fasahar da Dennis Gabor ya ƙirƙiro ya samu kyautar Nobel a kanta a 1971. Su hasken lesa suke haskawa a kan wani allo da ke jinkirta hasken a kowane ɗigo gwargwadon umarnin kwamfuta, ta yadda zai fito da siffar hasken da ya taso daga duk nisan da aka ga dama. Kamfanin Envisics na Milton Keynes a Ingila ya yi fice a nan, kuma General Motors da Hyundai Mobis sun zuba jari a cikinsa a 2020. Matsalarsu lissafi mai nauyi, tsada, da wani yaushi kamar rairayi da hasken lesa ke bari a hoto.

Duk hanyar da aka bi, akwai wata tsohuwar matsala da ke jira. Gilashin gaban mota a lanƙwashe yake, lanƙwasar kuma ba ɗaya ba ce daga sama zuwa ƙasa da daga hagu zuwa dama, ga direba a gefe guda yake zaune. Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya tattauna irin wannan tambaya a littafinsa Kitabul Manazir shekara dubu da suka wuce: ga tushen haske, ga ido, ga madubi mai lanƙwasa, a wane ɗigo na madubin haske zai buga ya iso idon? Turawa har yau da sunansa suke kiran matsalar. Shi a kan madubai masu siffa tsararriya ya yi aiki, kamar ƙwallo. Injiniyan yau kuwa sai ya warware ta ga dubban ɗigo a kan gilashin da ba shi da siffa mai suna, kuma ga kowane wuri da idon direba zai iya kasancewa, dogo ne ko gajere. Amsar da kwamfuta ke ba shi ita ce wani madubi mai lanƙwasa ta musamman, wanda ke gyara murɗiyar da gilashin zai yi tun kafin ya yi ta. Madubin wannan samfurin mota ba ya yi wa wancan. In hawa biyu ne, madubi ɗaya zai yi wannan gyara ga hanyoyi biyu, dole wani ya ɗan yi haƙuri.

Ga kuma girma. Faffaɗan hoto na son faffaɗan madubi. A 2018 kamfanin Continental na Jamus ya ce irin wannan na'ura mai aiki da madubai na cin wuri kusan lita 30 a cikin dashbod. Ka tuna jarkar nan mai ruwan ɗorawa da muke kira galan ɗin Kufuor, ka ce za ka cusa ta bayan sitiyari. Shi ya sa abin ya fara daga manyan motoci da na lantarki.

Abin da kibiya ke ɓoyewa

A ganina hawa biyu sun kusa wadatarwa ta fuskar ido. Daga mita 10 zuwa mita 100, bambancin bai kai diyofta 0.1 ba, don haka masu tallar hawa biyar ko goma sai su yi bayanin me direba zai ƙaru da shi. Abin da ya fi damuna yana wani wurin.

Na farko, kibiyar da aka ce tana manne da titi sai ta tsaya a mannen. In kwamfuta ta makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a gudun kilomita 100, mota ta riga ta yi kusan mita uku. In gaban mota ya ɗaga da digiri ɗaya tak, alamar da aka ɗora a mita 50 ta yi tsalle kusan santimita 90. A babbar hanyar Jamus digiri ɗaya labari ne. A titin unguwa mai ramuka da tudun rage gudu kuwa, abin kowace daƙiƙa ne. Na'urar kuma ta dogara ne da taswira da kyamarar da ke karanta farin layin titi. Inda layin ya goge, me za ta karanta?

Na biyu ya fi nauyi. A 1980 masu bincike a cibiyar Ames ta hukumar NASA a Amurka sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da ƙwararrun matuƙan jirgin sama a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi. Ana cikin sauka, sai aka sa wani jirgin ya gitta a kan titin saukar. Masu amfani da HUD sun fi jinkirin lura da shi, wasu ma ba su gan shi ba sam, alhali yana tsakiyar inda suke kallo. Idonsu na kai, hankalinsu na kan rubutu. Gyara nisan hoto yana sauƙaƙa wa ido, amma ba ya raba hankali gida biyu. Ina ma tsoron hoton da ya zauna daram a kan titi ya fi jan hankali. Kwamfuta na ja wa abin da ta gane layi, abin da ba ta gane ba ta bar shi babu alama, ido kuwa alama yake bi. A titunanmu abin da ke kashe mutum galibi shi ne marar alamar: akuya, aboboya da ta fito daga lungu, yaron da ya biyo ƙwallo. Ni kam da za a tambaye ni, hawan ƙasa mai lamba biyu ko uku alheri ne, musamman ga dattawan direbobi. Na sama kuwa gara ya yi shiru har sai da dalili.

Ranar da gilashi ya fashe

Yanzu ga inda maganar ta shafi aljihu. Gilashin gaba falle biyu ne da aka manne da wata siririyar roba a tsakani, ita ke hana shi tarwatsewa. Haske na dawowa daga fuskarsa ta ciki, wani kuma ya shige ya dawo daga fuskar waje. Hotuna biyu ke nan, ɗaya ya ɗara ɗaya da milimita uku ko huɗu. A mita biyu da rabi ido na ganin wannan sarai, kowace lamba da inuwarta a samanta. Maganin da aka samo shi ne a yi robar tsakiyar ta fi kauri a sama, ta sirance a ƙasa, da bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, sai hotunan biyu su hau kan juna. Da ido ba za ka bambance wannan gilashi da na gama-gari ba.

Wani maƙwabcina ya sayi mota hom-yus daga Amurka mai wannan na'ura. Tirela ta watso masa dutse a hanya, ya kai wani shago aka sa masa sabon gilashi, ya shiga daidai, ba ya yoyo. Da dare ya yi sai ga kowace lamba ta zama biyu. Ya koma, aka ce masa na'urar ce ta lalace, gilashi ai gilashi ne. Sati biyu yana tuƙi da ciwon kai kafin ya kashe ta gaba ɗaya. Lafiyar na'urar ƙalau, an cire mata madubinta na ƙarshe ne aka sa wani.

A mota mai hawa biyu abin ya fi haka tsanani, domin kaurin da ke haɗe hoton mita 3 ya yi wa na mita 10 yawa, zai sake raba shi ta ɗaya ɓangaren. Tunda hotunan biyu a wurare dabam suke bugun gilashin, wasu masana'antu na sauya yanayin kaurin robar daga wannan tsayi zuwa wancan. Wasu kuma na shafa wa gilashin wani siririn rufi mai mayar da haske, su sauya irin hasken da na'urar ke fitarwa yadda gilashin kansa ba zai mayar da shi ba sai rufin. Wannan hanya ta biyu na magance wata matsalar da masu baƙin tabarau suka sani: tabarau mai kashe ƙyallin titi da na ruwa yana kashe hasken tsohuwar HUD ma, don iri ɗaya ne. Ko ta wace hanya, gilashin ya zama kayan aiki na musamman, kuɗinsa kuma na musamman ne. In motar na da kyamara a bayan madubin tsakiya, ita ma sai an sake saita ta bayan canjin.

Sai rana. Madubin da ke ƙona takarda a filin makaranta shi ne a cikin dashbod. Hanyar da haske ke fita, ta nan hasken rana ke shiga, madubin ya tattara shi a kan ɗan allon da ke zaune dab da mahaɗa. Hoton nesa ya fi haɗari, tunda allonsa ya fi kusa da mahaɗar, madubinsa kuma ya fi faɗi. Masu ƙira na sa madubin da ke barin zafi ya wuce ya mayar da haske kawai, da na'urar jin zafi da ke rage aiki, wasu kuma na sa madubin ya kau da fuska in an kashe mota. Amma mu a nan rana na bi ta tsakar kanmu, motocinmu kuma a fili suke yini. Wanda ke da irin wannan mota, shimfiɗa mayafin nan mai ƙyalli a gilashi in ya yi fakin ba ƙauyanci ba ne. Kuma a daina ɗora takardu da kwalin tishu a kan ɗan murfin da ke bayan sitiyari. In ƙurar hunturu ta taru a kai, a goge da tsumma mai laushi, don karce a wurin yana fitowa a hoton.

Mai shirin zuwa Abossey Okai ko Suame Magazine neman gilashi ya tafi da lambar shasin motarsa, ya faɗa tun farko cewa tana da HUD, ya duba tambarin da ke kusurwar tsohon gilashin, da yawansu an rubuta haruffan uku a wurin. Mai sayen hom-yus kuma ya tuna motoci da dama gilashinsu ya riga ya sha canji kafin su iso gare shi. Gwajin ba ya cin ko sisi. A bari sai bayan magariba, a fuskanci wuri mai duhu, a kunna na'urar a ƙara haskenta. A dubi gefen lambobin ko akwai wata inuwa a sama ko a ƙasa. A ɗan motsa kai hagu da dama, sama da ƙasa, a ga ko rubutun na lanƙwashewa ko yana ɓacewa da wuri. In mai hawa biyu ce, a gwada kowane hawa dabam, don gilashi na iya gyara na ƙasa ya bar na sama a rabe.